Yadda Ake Sayen Irin da Ba Ya Tsirowa, a Kuma Yi Godiya

Kana son 'yan kasuwa su riƙa karkaɗe maka benci da sun hango ka? To, bi waɗannan matakai. Malam Safiyanu na Sundimina ya bi su a daminar bara, yanzu ba a ambaton sunansa a kasuwar Birnin Kudu sai an haɗa da "mutumin kirki". Na yi maka alkawarin irin wannan suna. Hatsi ne dai ban yi alkawari ba.

1. Kada ka nemi rasit

Safiyanu ya sayi irin dawa a shagon Alhaji Ƙasimu, jawur a cikin leda, wai ingantacce. Matarsa Hapsatu ta ji a rediyo cewa akwai dokar kare haƙƙin mai saye, ta ce lallai ya karɓo rasit. Ya kuwa tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Alhaji ya dafe ƙirji. "Rasit, Safiyanu? Ni da na ɗauki makarar mahaifinka?"

Safiyanu ya yi ta ba da haƙuri har bakin ƙofa. Ka riƙe wannan: rasit na baƙi ne, ɗan gida sai amana.

2. Kada ka gwada

Hapsatu ta ce a zuba 'yan ƙwayoyi a kasko a ga tsirarsu tukuna. Kada ka saurari irin wannan magana, gwaji rashin yarda ne. Safiyanu ya shuka gonar kaf. Tsohon irinsa na gado kuwa, tunda an samu na zamani, ya sa aka niƙa aka yi tuwo.

3. In bai tsiro ba, nemo mai laifi

Masu laifi ba sa wuya. Akwai zabbin maƙwabci, akwai gafiya, akwai ƙasar da ta gaji, akwai ma hannunka. Leda ce kaɗai ba a zargi.

Hapsatu ta wanke ragowar irin a ƙwarya. Ruwa ya yi ja, dawa ta fito duk huji.

"Malam, fenti ne. Ƙwari ma sun riga mu ci."

"Ke ba ki san irin zamani ba," in ji shi. Amma ya daɗe yana kallon ƙwaryar.

4. Ka je ƙorafi, amma ka fara da gaisuwa

Da sauran ruwa a sama, in aka canja masa iri zai iya sake shuka. Ya tafi a fusace. Ya gaida Alhaji. Ya tambayi iyali, ya tambayi ciwon ƙafa, ya tambayi ɗan Alhajin da ke aiki a Gwaram. Aka kawo ruwan sanyi, aka ɓara goro. Aka kira azahar, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a sahu.

"Af, me ke tafe da kai?" in ji Alhaji.

"Zumunci, Alhaji."

5. In hukuma ta zo, ka tsare mutuncinka

Ran kasuwa ma'aikatan kare haƙƙin mai saye suka iso da lasifika. Suka ce labarin iri mai fenti ya kai musu, duk wanda ya fito da shaida za a sa mai shago ya ba shi na gaske kafin lokacin shuka ya wuce. Ledar tana aljihun Safiyanu, Hapsatu ce ta cusa ta da safe. Manoman Kiyako da suka sayi irin suna jiran ya fara. Alhaji na zaune yana jan carbi, yana kallonsa da tausayi.

Wata ma'aikaciya ta matso. "Malam, kai fa? Naka ya tsiro?"

Hannunsa ya kai bakin aljihu, ya tsaya. "Ranki ya daɗe, ƙaddara ce."

"Fentin ma ƙaddara ne?"

"Alhaji ubanmu ne."

Tunda shi bai fito da shaida ba, ba wanda ya fito da tasa. Ma'aikatan suka naɗe lasifikarsu suka tafi.

6. Karɓi ladanka

Alhaji ya riƙe hannunsa ya ɗaga a gaban jama'a, ya ce irin su Safiyanu sun ƙare a duniya. Har kalanda ya ba shi.

Da kaka ta zo, amalanke na ta wucewa da dammunan mutane, Hapsatu ta dire tukunya a gabansa, wayam.

"Malam, zuba mana mutumin kirkin nan a dafa. Yara na jira."

Ya sa hula ya nufi kasuwa awo. A ina? Wajen Alhaji Ƙasimu mana. Yana da dawa buhu-buhu, ba a ma kai ga yi mata fenti ba.

A kula

Mai wannan rubutu ba ta da gona, ba ta sayar da iri. In ka bi matakan nan har ɓeraye suka yi ƙaura daga rumbunka, ba ruwanta. Sunayen duk ƙirƙira ce. In kuma wani Alhaji ya ga kamar da shi ake, wallahi ba da shi ake ba. Ina gaishe shi, ina gaida iyali. Yaya ƙafar?