Rasuwar Eulogia, Kwamfutar Kan Firij

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu mai zafi da ba zan ambaci sunansa ba tunda Mama za ta karanta, ni Maite Larrosa, a madadin gidanmu da ke unguwar La Teja a birnin Montevideo, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Eulogia, kwamfutar da ke zaune a kan firij ɗinmu. Ta rasu ranar wata Lahadi ana ruwan sama, bayan gajeriyar jinyar da ba ta kai tsawon suyar fanke ɗaya ba. Ta cika a hannun mijin yayata, Heber. In za a bi gaskiya, a ƙarƙashin hammatarsa ta cika.

Marigayiyar ba 'yar gata ba ce. A kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Lahadi na tsinto ta gaɓa-gaɓa ina shekarar ƙarshe a jami'a: gangar jikin daga wani ofis da ya rufe, fankar daga wata kwamfutar da ta riga ta tafiya, sauran daga kwalin wani tsoho mai sayar da wayoyi da maɓallan riga. Na haɗa ta a kan teburin kicin, na ɗora ta kan firij domin nan ne kaɗai wurin da kyanwa ba ta hawa. Tun daga ranar ba ta taɓa neman komai ba sai wuta da ɗan share ƙura.

Ta kasance mai riƙon amana da kame baki. Duk abin da zai shigo gidanmu daga intanet sai ya bi ta gabanta, ta tare tallace-tallace, ta kori kamfanonin da ke bin sawun mutum don su san me ya saya da wace cuta ke damunsa. Hotunan gidan nan duk a cikinta suke, a kulle, ba su taɓa kwana a gidan wani ba. Mutanen gida sun ci moriyarta shekara da shekaru ba su sani ba. Yaya Gissel, matar Heber, ta taɓa cewa intanet ɗin gidanmu ya fi na gidanta tsabta, wai ko don unguwarmu ta fi kusa da teku ne.

Amma babban aikinta na safiya ne, kuma saboda shi nake wannan sanarwa. Kakanmu Atilio, Allah ya jiƙan sa, shi yake haɗa wa matarsa, Kaka Nibia, shayin mate kowace safiya tun aurensu. Shi zai cika ƙoƙo da ganye, ya kafa bututun sha, ya tsaya kan buta har ruwan ya yi zafi bai tafasa ba, sannan ya kira ta. Kafin ya rasu na ɗauki muryarsa ba da saninsa ba. Da ya tafi, kuma tunanin Kaka ya fara yi mata wasa, sai ta daina fitowa daga ɗaki. Na haɗa Eulogia da butar lantarki. Kowace safiya takan ɗumama ruwa daidai gwargwado, ta kashe butar, ta yi wani ɗan tari na fanka, ƙirrr, sannan muryar Atilio ta fito daga kan firij: "Nibia, tsohuwa, ruwa ya yi. Fito kafin ya huce ki ce laifina ne." Kaka takan fito tana jan silifa tana cewa ai laifinsa ne. Ta sha, ta ci burodi, ta haɗiye maganinta. Ko ta san daga ina muryar take fitowa, ban taɓa tambaya ba.

Yanzu ga yadda ajali ya zo. Ranar ana ruwa, kuma kowa ya san ba a ruwan sama a garin nan ba tare da an soya fanken da muke kira torta frita ba. Na sauko da marigayiyar kan tebur, na buɗe cikinta ina share ƙura, sai Mama ta kira ni in juya mata fanken. A daidai lokacin Heber ya shigo, ƙoƙo a hannu, fulas ɗin ruwan zafi a hammata. Heber ya halarci ɗaurin aurensa da fulas a hammata. Ya je asibiti ganin ɗansa na fari da fulas a hammata. Yana kuma da yaƙinin cewa shi masanin kwamfuta ne, saboda a wurin aikinsa shi ake kira in na'urar buga takarda ta cije.

"Ƙanwata, har yanzu wannan gyatumar tana numfashi?" in ji shi. "Ke da kika yi digiri! Kowa ya zuba kayansa a intanet ya huta, ke kina ɓoye hoton kyanwa kamar sirrin soja. Wa ya damu da ke da zai bi sawunki?"

Na ce, "Yaya Heber, don Allah kada ka taɓa."

"Taɓawa? Da ido kawai zan duba ta. Matsa ki ga aiki."

Bai yi ƙarya ba, bai taɓa ta ba. Ya zuba ruwa a ƙoƙonsa, bai murɗa bakin fulas ɗin ya rufe ba, ya mayar da shi hammata, ya sunkuya ya leƙa cikin marigayiyar kamar likita. Ruwan ya sauka a kanta a natse, da zafin da ya dace, bai tafasa ba. Ta yi ƙirrr sau ɗaya, ta yi tsss, wani ɗan hayaƙi ya tashi mai warin roba. Heber ya miƙe ya dubi fulas ɗinsa ya ce, "Kai, ruwana ya ƙare."

Masu hankali za su tambaya ko ba ni da kwafi na biyu. Ina da shi, a wani ƙaramin faifai cikin durowar cokula, a kulle da kalmar sirri kamar na farko. Na buɗe durowar ban gan shi ba. Heber ya share murya ya ce ai tun watan jiya ya ara. Ya jona a tasa kwamfutar, ta ce ba ta iya karantawa, sai ya gane babu komai a ciki, ya goge ya zuba wasannin ƙwallo. "Da kin bar shi a buɗe kamar mutane, da na san akwai abu," in ji shi. Yaya Gissel ta ce, "Maite, kin san halinsa, bai yi da gangan ba." Na san halinsa. Mai gyaran da na kai wa babban faifan ya juya shi, ya sansana, ya tambaye ni ko mamacin ɗan uwa ne na kusa. Hotuna kaɗan ya ceto. Muryar ba ta cikinsu.

Washegari Kaka ba ta fito ba. Mama ta kai mata ƙoƙon har gado, ta juya fuska bango ta ce ba a kira ta ba tukuna. Ba ta ci burodi ba, maganin kuma ba a shan sa da yunwa. Haka muka yi kwanaki, ana lallashi tana karɓar loma ɗaya, zoben aurenta ya fara zamewa daga yatsa.

A nan ne Heber ya kawo gudummawarsa, kuma adalci ne a rubuta ta. Ya ɗauki bidiyon bikinsa, inda Atilio ya yi magana kaɗan, ya miƙa wa wani kamfani mai kwaikwayon muryar mutane. Na ce masa ban yarda a ba baƙi muryar kakana ba. Ya ce, "Ke dai tsaya ki ga zamani." Ya tsaya ƙofar ɗakin Kaka ya ɗaga wayarsa. Wata murya mai santsi, irin ta masu karanta labarai, ta ce: "Barka da safiya, Uwargida Nibia. Ruwanki ya kammala." Da yake na kyauta ya zaɓa, muryar ta zarce da tallan katifa mai rangwame.

Kaka ta ɗaga kai daga matashi ta ce, "Wane ɗan iska ne wannan a ƙofar ɗakina? Mijina bai taɓa ce min uwargida ba. Kuma ku gaya masa ina da katifa."

Safiyar da ta biyo baya na ɗora butar da hannuna, na tsaya a kanta yadda na ga Atilio yana yi. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, a gidan nan sai a yi hira a gama ba a san ina wurin ba. Na tsaya kusa da firij, inda ƙura ta bar shatin wurin zaman marigayiyar, na ce, "Nibia, tsohuwa, ruwa ya yi." Ba motsi. Na sake faɗa da ƙarfi har Mama ta leƙo daga banɗaki. "Fito kafin ya huce ki ce laifina ne!"

Sai na ji jan silifa. Ta zauna, ta karɓi ƙoƙon, ta zuƙa har ya yi ƙara. Ta dube ni da kyau ta ce, "Maite, tsohuwa uwarki. Kuma ya huce. Laifin wancan mai hammatar ne." Ta miƙa hannu ta ɗauki burodi.

Marigayiya Eulogia ta rasu ta bar butar lantarki ɗaya, wadda yanzu take tafasa ruwa ba mai tsawata mata. Ta bar firij, abokin zamanta, da kyanwar da a ƙarshe ta koyi hawa ta gaje wurin. Ta bar gida cike da tallace-tallace, har Yaya Gissel tana tambaya me ya sami teku. Ta bar ni da tashin safe. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya kuma ba wasu hankali.

Za a yi jana'izarta ranar Lahadi mai zuwa da hantsi. Za a ɗauki gawar daga kicin zuwa kasuwar da aka tsinto ta, inda za a raba gaɓoɓinta masu sauran amfani ga mabuƙata. Heber ne zai ɗauke ta, da hannu biyu, a ƙafa. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su ajiye fulas ɗinsu a bakin ƙofa, an tanadi benci domin haka. Ba a buƙatar furanni, ba a kuma buƙatar shawara.

Bayan an dawo za a zauna zagayen mate a tsakar gida, inda ƙoƙo ɗaya yake bin kowa bi da bi. Kaka Nibia ta ce ita za ta zuba da hannunta, abin da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Ta umarta a sa wa Heber kujera a cikin da'irar, tsakanin Mama da Yaya Gissel, inda kowa zai gan shi. Ƙoƙon zai tashi daga hannun Mama ya koma wurin Kaka, a cika shi, ya wuce ta gaban hancinsa zuwa hannun Yaya Gissel. Ta ce haka za a yi ta yi har ruwan ya ƙare.