Yadda Za Ki Yi Kwana Talatin Ba Dunƙule a Miya, Kwanonki Kuma Ya Dawo Wayam

Ke da kika shiga guruf ɗin nan na waya, inda mata ke ɗaukar wa juna alkawarin kwana talatin ba sukari, ba fulawa, ba taliya, ba dunƙule, ba komai na gwangwani ko na leda, ki saurara. In kin bi matakan nan ba ƙari ba ragi, na tabbatar miki za ki cika kwanakinki cif, kuma kowane maraice kwanon tuwonki zai fita cike ya dawo wayam. Ba a littafi na karanta ba. A gidan ƙanena Dalhatu na gani, nan Sabon Birni, a hannun matarsa Mardiyya. Katanga ɗaya ce tsakanin madafina da nata, kuma katangar ba ta da tsawo.

1. Ki nemi dalili mai nauyi

Kada ki fara don rage ƙiba. Mai wannan niyya ba ta kai Juma'a.

Dalilin Mardiyya na gaske ne. Dalhatu yana auna gero a kasuwa jiri ya ɗebe shi. A asibiti aka ce jininsa ya hau sosai. Likita ya ba shi magani, ya ce a rage masa gishiri da dunƙule, ya dawo awo bayan wata guda. Mahaifinmu da irin wannan jirin ya fara, ya ƙare da shekara huɗu a kwance, ɓarin jikinsa ba ya motsi. Mardiyya tana amarya ta taya ni jinyarsa. Ta san yadda ake juya babban mutum a kan tabarma, kuma ba ta son ta juya mijinta. Ki sami tsoro irin wannan, shi zai riƙe miki hannu idan ya nufi gwangwanin sukari.

2. Ki sayi data ki koyi abin da kakarki ta sani

Wannan matakin ba a tsallake shi. Shawarar da aka ba ki kyauta a gida ba ta shiga kunne, sai wadda ta cinye miki caji.

Shekara goma sha biyu ina gaya wa Mardiyya daddawa kaɗai ta isa miya. Kullum amsarta, “Yaya, wannan ai girkin da ne.” Sai ga wata Hajiya Mas'uda daga garin Isa, ita ce shugabar guruf, ta turo jerin abin da aka yarda a ci: gero, dawa, wake, kuka, yakuwa, zogale, busasshen kifi, daddawa. Mardiyya ta leƙo ta katanga da waya a hannu.

“Yaya, ashe kuka tana gina jiki?”

“Wa ya gaya miki?”

“Guruf.”

“To, Allah ya saka wa guruf. Mu da muke cinta tun muna rarrafe, ashe rushe mu take yi.”

Ba ta ji ba. Tana karanta amfanin gero.

3. Ki fitar da kayan laifi daga gidanki

Ki tattara dunƙule, da taliyar nan ta Maraɗi, da madarar gwangwani, da sauran sukari. Kada ki zubar. Ki miƙa wa yayar mijinki ta katanga. Abin da kike tsoron ya kwantar da mijinki, babu inda ya dace da shi kamar cikin 'yar uwarsa.

Na karɓa, don almubazzaranci ba kyau.

4. Ki toshe kunnenki ga yara

Za su ce miya ba ta da daɗi. Za su ce gidanku ya talauce. Wani zai ce ya ƙoshi, ki same shi a gidan gwaggonsa da cokali. Ki ƙyale su. Yaron da yake jin yunwa da gaske zai ci tuwon dawa a rana ta uku, kuma babu wanda aka taɓa kai wa asibiti don rashin taliya.

5. Ki manta da ciyayya

Nan ne sirrin yake, don haka ki natsu.

A layinmu, da an sallame magariba, magidanta shida ke shimfiɗa tabarma a ƙofar Malam Na'Allah, dattijon unguwa. Kowa ya fito da kwanon gidansa, a jera su a tsakiya, a buɗe, kowa ya sa hannu inda ransa ya so. Haka ake yi tun kafin a haifi Mardiyya. Kin san da wannan, kowace mace ta sani. Aikinki shi ne ki cire shi daga ranki gaba ɗaya, kamar yadda guruf ya cire. Wanda ya fara tsara jerin nan, ko wane ne shi, a garinsu miji shi kaɗai yake zama da farantinsa a falo, matarsa tana ƙirga masa loma.

Saboda haka ki tashi tsaye. Ki surfa dawa da hannunki. Ki daka daddawa da kifi. Ki auna gishiri da bakin ƙaramin cokali kamar mai haɗa magani. Ki tuƙa tuwo, ki kwashe, ki rufe, ki miƙa wa maigida ya fita da shi. Idan kwano ya dawo an suɗe shi har gefe, ki ɗauki hotonsa ki tura guruf, mata su yi miki tafi da 'yan hotunan hannu.

Kina iya tambaya sau ɗaya, kamar yadda Mardiyya ta yi.

“Malam, ya miyar?”

“Ai kin ga kwano,” in ji Dalhatu.

Ki lura, bai yi ƙarya ba. Namijin da ya amsa miki tambaya da gaskiyar da ba ita kika tambaya ba, ki ji tsoronsa fiye da maƙaryaci. Amma kada ki ji tsoron yanzu, sai mataki na gaba. Ni kaina na tambayi maigidana, don shi ma yana kan tabarmar. Ya ce abin da aka yi a waje ba a shigo da shi cikin gida. Na san akwai magana, ban dai san girmanta ba.

6. Ki raka shi awo

Ranar da aka cika kwana talatin Mardiyya ta sa hijabinta mai kyau ta bi Dalhatu asibiti. Ita zane ya fara yi mata yawa, fuskarta ta yi fayau. Aka ɗaura masa abin awo a damtse. Jini yana nan inda aka bar shi. Aka ɗora shi a sikeli, ya ƙara kilo biyu.

Da suka dawo ba ta ɗora tukunya ba. Na same ta zaune a kan turmi.

“Yaya, wallahi ko shayi da sukari ban sha ba. Ko da zan ɗanɗana miyar biki, tofarwa nake yi. In wannan bai yi ba, me zai yi? Haka za ni zauna ina kallo har ya faɗi kamar Baba?”

Ban yi mata wa'azi ba, ko da yake ina da shi a shirye. Ki sami wadda za ta zauna kusa da ke a wannan matakin. Guruf ba ya zama kusa da mutum.

7. Ki tarbi baƙuwa da fara'a

Za ta zo, ba sai kin aika ba. Ta Mardiyya ta zo washegari da hantsi: Fatu, matar Malam Na'Allah, sallamarta a gajarce.

“Mardiyya, don Allah mi kike sa ma miyarki?”

“Ba komai, Inna. Daddawa ce da kifi.”

“Ba komai? Wata guda ke nan Malam bai taɓa abincina ba. Shekara talatin da biyar ina yi mai girki, yanzu ya ce miyar gidan Dalhatu ita ta miya, irin ta tsohuwarshi can Gatawa. Har ciwon kai ya ce ya bar shi. Jiya da ƙafa ya tafi gona, mutumin da sai an kai shi a babur.”

Mardiyya ta ajiye tsintsiya. “To shi Malam ɗina me yake ci?”

“Mijinki? Shinkafa da taliyata mana. Dunƙule huɗu nike sawa, ga mai ga yaji. Tun dare na biyu sunka yi musanya. Da an buɗe kwanoni, wannan ya tura, wancan ya jawo.”

Ki riƙe wannan a ranki: girkinki ya yi aiki. Kin yi jinya tsakani da Allah, kwana talatin, mutum ya sami sauƙi. Ladanki yana nan. Mijin wata ne kawai.

8. Kada ki ce ya bar tabarma

Nan mata ke kuskure. Mardiyya ta ce daga yau a ɗaki zai ci. Ta kira ni shaida.

“Yaya, ki ji ta fa,” in ji Dalhatu. “In shige ɗaki da kwano, mutane su ce mi? Su ce na yi rowa, ko na yi faɗa da wani. Kuma Malam dattijo na. Ya miƙo hannu ga kwanona, in buge?”

“Ya miƙo, ko kai ka tura?”

Ya duba ƙasa. “An haɗu a tsakiya.”

“Kai ne ka ɗauki Baba zuwa bayan gida shekara huɗu,” na ce masa. “Wa kake so ya ɗauke ka?”

Na san ƙanena, kuma na san tabarma. Mutumin da aka raba da ita, kunya za ta kwantar da shi kafin jini. Tunda ba a fitar da miji daga ciyayya, sai a shigar da ciyayya cikin guruf.

Mardiyya ta ƙulla daddawa a leda biyar ta bi gidajen layi ɗaya bayan ɗaya. Ba ta karanta musu jerin Hajiya Mas'uda ba. Cewa ta yi, mijina ba shi da lafiya, kuma daga tukunyarku yake ci. Fatu ce ta fara yarda, don tana son mijinta ya dawo kwanonta. Ni ce ta biyu, ba da son raina ba. Cikin mako guda gida huɗu sun bi. Saura Halima, matar Is'haƙa, wadda ta ce ita ba a haife ta don ta ci miyar marasa lafiya ba.

Ki bar irin Halima, tana da amfani. Yanzu da an buɗe kwanoni, hannu shida ke faɗawa cikin nata lokaci guda. Dalhatu, in ya yi sauri, ya sami loma biyu. Daga nan sai ya juyo ga tuwon matarsa, don yunwa ba ta san musanya ba. Makon jiya aka sake awo. Jinin ya ɗan sauka. Mardiyya ba ta tura wa guruf ba, alwala ta yi ta shiga ɗaki.

Sharaɗi

Ni ba likita ba ce, kuma ban ce kowa ya ajiye maganinsa ba. In magidantan layinku sun naɗe tabarma sun koma wata unguwa, ba ruwana. In Halimarku ta fara jin kanta sarauniya, ke da ita. In mijin maƙwabciya ya warke ya bar naki, kada ki ambaci sunana a gaban kowa. An kuma ce mini an ga Dalhatu shekaranjiya da la'asar a bencin mai shayin bakin tasha, ya ba titi baya, da faranti a cinya. Ban gani da idona ba. Mardiyya ta riga ta ƙulla daddawa ta tambayi gidan mutumin don ta je ta roƙi matarsa. An ce mata gwauro ne. Iyakar ilmina ke nan.