Sikelin da ya fi ni yawo

Jama'a, kwana uku ke nan rediyona ba ya magana, kuma duk a kan gishiri ne. Bari in warware muku.

Autata tana ajin ƙarshe a sakandare, ranar Alhamis ake jarrabawarsu ta kimistiri, irin wadda ɗalibi zai auna abu da hannunsa. Ran Litinin ta same ni ina gyaran ƙafar kujera, idonta jawur.

"Baba, lissafin duk na iya. Mol ɗaya na gishiri giram hamsin da takwas da rabi ne. A ba ni giram ɗari da sha bakwai, in raba, mol biyu ke nan."

"Shi Mol ɗin ɗan gidan wa ne?"

"Kamar dozin ne, Baba, sai dai ƙwayoyinsa shida ne da sifili ashirin da uku a baya. Ba sa ƙirguwa, shi ya sa ake aunawa. Ni kuwa ban taɓa ɗora hannu a kan sikeli ba. Malam zana mana shi yake yi a allo."

Raina ya ɓaci. Ai da idona na ga Mai Girma Mai Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi, ya buɗe musu ɗakin gwaji bara. Har hoto aka yi masa yana shafa wani farin sikeli kamar jariri.

Na fita ina faɗa ni kaɗai, sai maƙwabcina, direban Mai Girma, ya ɗago daga wankin mota.

"Fari mai tabo a gefe? Ai yana bayan motar nan, maigida. Makaranta bakwai na kai shi aka buɗe. Gobe ta takwas."

Ku ji hikima! Wasu ƙasashen sai su yi ta ɓarna, kowace makaranta da nata. Mu namu guda ɗaya ne, ga shi ya san gari fiye da ɗan tasi.

Na roƙe shi aron minti goma. Ya waiga hagu da dama, ya shigo da shi a ƙarƙashin riga kamar kayan sata. Auta ta danna, shiru. Muka juya shi, ashe gidan batir wayam yake, ko ledar ba a ɓare ba. Na zare na rediyona na saka.

Yarinyar nan ta dinga zuba gishirin uwarta da babban cokali, tana ƙarawa tana ragewa, har lamba ta tsaya cak.

"Baba, ka ga mol ɗaya!"

Cokali uku da ɗan wani abu. Wallahi sai da ƙwalla ta cika min ido. Ta sake sau biyar, uwar na ƙorafin an ƙarar mata da gishiri, direba na duba agogo. Cikin sauri ya sure kayansa, da batirina a ciki.

Ran Alhamis Auta ta dawo tana murmushi. An aro musu sikeli daga kantin magani, ita ta nuna wa sauran inda ake dannawa.

A makaranta ta takwas kuwa, in ji direba, Mai Girma ya shafa sikeli yadda ya saba, sai abu ya kawo wuta. Ya ja da baya a firgice, sannan ya gyara murya ya sanar cewa bana an samo na zamani, masu aiki. An ce har a labarai an saka. Ni dai ban ji ba, rediyona babu batir.