Waƙar Na'Allah Tana Cikin Ma'ajiya

Jama'a, jiya sabuwar rigata ta sha man ja a motar haya, kuma duk laifin maƙwabcina Na'Allah ne. Shi ya ja ni rakiya zuwa wani gidan rediyo a birni. Tun a tashar Kontagora direba ya ce mu sauko mu tura motar zuwa wurin 'yan bumburutu, don gidan mai ya zama wurin shanya barkono.

Wanda bai san Na'Allah mai kukuma ba, baƙo ne. Daga Mashegu har Kasuwan Garba, amaryar da ba a raka da waƙarsa ba sai ta ga kamar an rage mata sadaki. Shekarun baya ma'aikatan rediyo suka zo da na'ura, suka zaunar da shi gindin mangwaro, suka naɗi waƙar rakiyar amarya. Aka sallame shi da goro da kwalbar lemo. Waƙa ta yi ta tashi a rediyo safe da yamma, masu talla suna biya, shi kuwa ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To yanzu ciwon maƙogwaro ya tafi da muryarsa, ga shi ran Asabar za a kai autarsa Bilki ɗakin miji. Mutumin da ya raka 'ya'yan kowa ba shi da bakin raka tasa. Rediyon ma tun bara suka daina sa waƙar. Abin da yake so kawai a zuba masa ita a kaset, a kunna ranar biki.

Tabita mai ƙosai ce ta zuga ni. Ta ce, "Malam, in kun je ka tambayo masa haƙƙinsa. Ni ko ɗanɗane ba na bayarwa kyauta."

Muka iske shugaban gidan rediyon, Rankai-daɗe, Garkuwan Kaɗe-kaɗe, Mai Kujera Mai Juyawa. Na durƙusa na ce, "Allah ya ja zamaninka, shin yaya kuke biyan masu waƙa?"

Kai, mutumin nan ya iya bayani, Allah ya ƙara masa ilimi! Ya ce faifan Turawa kwangila ake bayarwa a sayo daga Ikko, kuma masu shi sai an biya su, don suna da lauyoyi. Har tawaga aka tura ƙasar waje ta koyo yadda ake biyan, ta dawo da akwatuna masu nauyi.

Na ce, "Na gida fa?"

Ya ce, "Haba Malam, waƙar gargajiya ai ta al'umma ce. Ka taɓa biyan kuɗin ruwan sama? Shi ya kamata ya gode mana, mun kai sunansa inda ƙafarsa ba ta je ba."

Na'Allah ya taɓa ni, ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Bar maganar kuɗi. Waƙar nake so."

Nan fa Rankai-daɗe ya nuna karamci. Ya sa aka shiga ma'ajiya aka ɗauko tef, ga sunan Na'Allah ɓaro-ɓaro a kwalinsa. Aka ɗora a na'ura. Kukuma ta yi kuka, tsoho ya rufe ido, ya ɗaga yatsa daidai inda muryarsa za ta shigo. Sai muka ji gyaran murya, sai tafi, sai wani babban mutum yana buɗe Makon Adana Waƙoƙin Gargajiya.

Ashe tef ya yi tsada, an tsuke bakin aljihu, don haka in babba zai yi jawabi sai a ɗauko tsohon tef a goge a naɗa a kai. Na Turawa ba a taɓa shi, da kuɗi aka saye shi. Wanda aka samu da goro shi ake gogewa.

Wallahi raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na'Allah kuwa, yatsan nan nasa dai yana sama har jawabin ya kai wurin da ake cewa mawaƙanmu su ne dukiyar ƙasa.

Don kada mu koma da kaset ba komai a ciki, na ce a zuba mana ɗan kukan kukumar da ya tsira a farko, ko da jawabin zai biyo baya.

Rankai-daɗe ya gyara hula. Ya ce kukumar ba matsala, amma jawabin mallakar gidan rediyo ne, ba a kwafarsa sai an biya kuɗin haƙƙi.

Ku ji fa, jama'a. Ni da na zata ba su san kalmar ba.