Ranar da Na Goge Gawayin Buhu

Jiya da hantsi na ci makala tara a tsaye a ƙofar shagona. Ba yunwa nake ji ba, ba kuma kyauta aka yi mini ba, hukunci ne. Ga wanda bai taɓa zuwa Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, ba, makala ita ce fanken garin nan. Wadda ta yanke mini hukuncin kuwa Yaya Tasalla ce, mai suya a bakin hanyar Miskine, wadda ta shekara goma sha tara tana sayen fulawa a hannuna. Ta dire kwano a kan teburina ta ce, "Ɗantsoho, bisimilla." Na gutsiri ɗaya, na ji kamar na tauna tsohuwar tabarmar da ruwa ya kwana a kanta. Na ɗaga kai zan yi magana, ta ce, "Ci gaba. Ni ma tara aka sa na ci."

Bari in koma baya kaɗan, jama'a, don ku san yadda dattijo mai furfura ya kai kansa nan.

A layinmu na 'yan fulawa a Kasuwar Kilomita Biyar akwai abin da muka tarar iyayenmu na yi. In buhu ya sha ruwa a hanyar Kamaru, sai a ɗauki gawayi a zana masa babban zobe a jiki, a juya zoben ya kalli mai saye. Kafin a yi maganar farashi sai an faɗi aibi. Mai so ya saya da rahusa ya yi kwaɓin manna takarda ko ya ba kaji, mai suya kuma ya wuce zuwa buhun da ba zobe. Tun da sojoji suka fara wannan bore nasu, yau a sasanta gobe a koma, motoci kan yi sati a shinge ruwan sama na dukansu. Saboda haka zobe ya yawaita a layinmu, har mai gawayi ya fara gaishe mu da fara'a.

Ana haka sai Allah ya jefo mana wani babban mutum, wanda da Sango, yaren garin nan, ake ce wa kota zo, Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Harshen 'Yan Kasuwa. Kada ku tambaye ni yaushe aka kafa kwamitin. A garin da man fetur sai a kwalba, shi motoci uku ya zo da su: ɗaya tasa, ɗaya ta jakarsa, ɗaya kuma ina jin ta raka sauran biyun ce don kada su ji kaɗaici. Allah ya ƙara wa Yallaɓai tausayi.

Kwana uku aka tara mu a ƙarƙashin rumfa ana koya mana ladabin magana da abokin ciniki. Yallaɓai yana zuba Faransanci, tafinta yana juyawa zuwa Sango, mu kuma muna gyaɗa kai da Hausa. Darasin farko, kada ɗan kasuwa na zamani ya furta kalmar da za ta firgita abokin hulɗa. Ba a cewa babu, sai a ce ana kan hanya. Ba a cewa ya lalace, sai a ce yana cikin wani yanayi na wucin gadi. In mai saye ya matsa da tambaya, a ce masa ana nazarin lamarin kuma a kwantar da hankali. Da aka zo kan zobenmu, Yallaɓai ya riƙe kai. Ya ce wannan baƙin zane yana ɓata sunan kasuwa a idon baƙi masu zuba jari. Na waiga ko zan ga baƙon, ban ga kowa ba sai akuyar Abdulgani maƙwabcina tana cin takardar darasi. Aka ce a goge, kuma Yallaɓai zai zagayo da kansa ya duba.

Shi Abdulgani barci ya yi kwana ukun nan cur, bakinsa a buɗe. Ni kuwa da nake zaune a gaba da sabuwar hula, har tambaya na yi, aka tafa mini. Aka ba ni takardar shaida mai hatimi biyu, na kai aka sa mata gilashi na rataye. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Shekara talatin ina kasuwa ba wanda ya taɓa tafa mini.

Shekaranjiya na sa tsumma na goge zobe huɗu. Ban gama wanke hannu ba sai ga Yaya Tasalla. Ta dafa buhun farko ta ce, "Wannan fa, lafiyarsa ƙalau?"

Na saci kallon takardar shaidata, na gyara murya na ce, "Yaya, buhun yana cikin wani yanayi na wucin gadi."

"Wane irin yanayi? Ya jiƙe ne?"

"Ana nazarin lamarin. Ki kwantar da hankali."

Ta dube ni, ta dubi buhun, ba zobe. Ta ce, "Kai dai da tsufa ka fara surutai," ta sa aka ɗora mata a kura. Abin da ya fi ci mini rai ke nan yanzu. Ba maganata ta yarda da ita ba, don ba ta ma fahimce ta ba. Shekara goma sha tara na rashin zobe ta yarda da su.

To, manyan masu sayen makalar Yaya Tasalla su ne samarin nan masu bindiga da ke tsare shingen kusa da ita. Ban san ko na wane ɓangare ba ne, ita ma ta ce ba ta tambaya, ciki dai duk iri ɗaya ne. Jiya da safe babbansu ya gutsira, ya tofar, ya ce guba aka aiko ta ta ba su. Don ta wanke kanta sai da ta ci tara a gabansu, bindiga na kallonta. Da ta gama suka yi dariya suka ce ta tafi, amma kada ta ƙara.

Ni kuma da na haɗiye tawa ta taran, Yaya Tasalla ta ce, "Yau zan koma wurin Abdulgani. Shi ko ba komai in ya ce ruɓaɓɓe ne, ruɓaɓɓe ne."

Kunya ta rufe ni har wuya. Na tsallaka wurin mai shayi na ɗebo gawayi, na zana wa buhu ukun da suka rage zobe, baƙi ƙirin, mai kauri. Na ce, "Yaya, na tuba."

Ta ce, "Za mu gani. Ga malaminku can tafe."

Na leƙa, ai kuwa shi ne, cikin farar kwat, yana bin shaguna ɗaya bayan ɗaya yana duba buhuna. Tsumma na kan teburi, Yaya Tasalla na tsaye ta harɗe hannu tana kallon hannuna. Wallahi sai da yatsuna suka motsa. Na cusa hannun a aljihu na danne shi.

Saura shago biyu ya iso sai muka ji ta-ta-ta daga wajen babban titi. Kafin ka ce me, kasuwa ta watse. Motoci ukun nan suka juya suka tafi da jakar, suka manta da mai jakar. Yallaɓai ya faɗo shagona kamar an wurgo shi, ya tsugunna ya manna bayansa da buhu, gumi na zuba. Na ja ƙofa. Muka zama mu uku a ciki, da takardar shaida ta huɗu.

Ya kama ƙafar wandona ya ce cikin yaren Sango, yau ba tafinta, "Baba, wace hanya ce mai lafiya? Ta Yakite ko ta Miskine?"

Ni kuwa ɗalibi ne mai ƙwazo. Na ce, "Ranka ya daɗe, hanyoyin suna cikin wani yanayi na wucin gadi."

"Ana harbi a can ko ba a yi?"

"Ana nazarin lamarin, Yallaɓai. A kwantar da hankali."

Ya ɗaga ido ya dube ni, har ya ba ni tausayi. Ya ce, "Don Allah, Baba, bar wannan. Ina da 'ya'ya. Gaya mini yadda kuke gaya wa junanku."

Yaya Tasalla ce ta amsa, kuma da aibi ta fara, yadda aka saba a layinmu. Ta ce, "Ta Yakite akwai harbi, kada ka bi. Ta Miskine akwai shinge, yaran kuma ransu a ɓace yake tun safe, cikinsu na murɗa. Amma in ka bi bayana ka ɗaukar mini kwano, ka kuma rufe bakinka, za su bar ka ka wuce." Yallaɓai bai ce an firgita shi ba. Singila kawai yake ta maimaitawa, wato godiya, har sau biyar na ƙirga.

Da harbi ya lafa na buɗe ƙofa. Yaya Tasalla ta tsaya ta dubi buhunan, biyu da zobe raɗau, na ukun ya ɗan dushe. Ta ce, "Ranar Alhamis ka ajiye mini mai kyau guda. In na ga tsumman nan a shagon nan kuma, sha takwas za ka ci." Ban taɓa jin barazana mai daɗin wannan ba.

Suka fita, ita a gaba, Mai Girma Shugaban Kwamiti a baya ɗauke da kwanon makala. Sai a lokacin na ga inda sauran gawayin buhu na ukun ya tafi. Ga shi nan a tsakiyar bayan farar kwat, zobe cikakke, gumi ya kama shi da kyau. Haka ya ratsa layin 'yan fulawa tun daga farko har ƙarshe, mutane na leƙowa daga shaguna, kowa kuma a layin nan ya iya karatun wannan rubutu.

Abdulgani ya matso yana hamma ya ce, "Ɗantsoho, ba za ka gaya wa bawan Allahn nan abin da ke bayansa ba?"

Na ce, "Kai da ka yi barci a aji ina za ka sani? Ba a firgita abokin hulɗa."