Sifilin Dokta Brendel

Wanda bai san Dokta Hartwig Brendel ba, bai san garinmu ba. Shi ne shugaban makarantar gwamnatin da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda na yi shekara goma sha tara ina koyar da lissafi. Mutum ne mai tausayi ƙwarai, kuma don kada mu manta, shi da kansa yake tuna mana kowace Litinin. In ana neman masoyin Yahudawa a duk faɗin Jamus, a tsaya a ƙofarsa. Mu malamai muka laƙaba masa Garkuwa a bayan idonsa. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ɗauka kirari ne, har ya fara amsawa.

A watan Nuwamba ake ganin Garkuwa na gaske, ranar da ake fita goge allunan tagullar nan na daɓen titi, masu sunayen Yahudawan unguwar da 'yan Nazi suka kwashe. Kowa ya zo da tsummansa, ya goge, ya koma gida. Shi kuwa ba ya durƙusawa sai mai hoton jarida ya iso, kuma da 'yar matashinsa ta gwiwa yake zuwa. Ya haddace sunayen mamatan nan ashirin da uku, har da ranakun haihuwarsu. Bayahudiya ɗaya tal mai rai da ke makarantarsa, Talya Gurewitz ta aji takwas, ita ce dai ya kan wuce a baranda bai gane ta ba.

Abin alfaharinsa shi ne sifili. Doka ta ce duk cin zarafin da aka yi wa ɗalibi don shi Bayahude ne, a cika takarda a aika ma'aikatar ilimi. Shekara bakwai makarantarmu ba ta aika ko ɗaya ba. Yana lallashin sifilin nan kamar ɗan fari.

Sai ga wasu yaran ajin Talya sun so su ɓata masa lissafi. Da farko suka zana tambarin Nazi a ƙofar akwatin littattafanta. Daga nan in ta wuce su riƙa yin ƙarar fitar iskar gas da baki, irin gas ɗin da 'yan Nazi suka kashe Yahudawa da shi, suna sheƙa dariya. Wata Laraba a layin abinci aka fizge mata sarƙar wuya mai tauraron Yahudawa, har wuyan ya yi ja. Yarinyar da ke riga kowa ɗaga hannu a ajina ta koma kujerar baya, ta yi tsit.

Mahaifiyarta, Madam Gurewitz, ta baro aikinta a kantin magani ta zo. Garkuwa ya tarbe ta da kofi da kek, ya miƙe tsaye, don ba ya iya magana mai nauyi a zaune.

"Madam, kin zo gidanku! Ni nan da kike gani, sau huɗu ina kai ɗalibai sansanonin da aka hallaka mutanenku, kuma duk huɗun sai da na yi hawaye. A makarantata? Haba! Ƙuruciya ce kawai. Ta dai riƙa tura sarƙar cikin riga, ta ci abincinta a laburare, shi ke nan."

"Dokta, wato 'yata ce za ta ɓuya," in ji matar, "su kuma su ci gaba da zama a ɗakin abinci?"

"Madalla, kin ga mun fahimci juna."

Ni na cika takardar da hannuna na kai masa. Ya dawo mini da ita, wai samfurin bara ce. Na cika sabuwa, ya ce dole kwamiti ya fara dubawa. Ya kafa kwamitin, ya naɗa kansa shugaba, aka yi zama uku ana gardama kan sunan da za a sa masa. Ban tsallake shi na kai ƙara sama ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Shi kuwa da kansa ya sa aka shafe tambarin da fenti, kafin wani ya yi kuskuren ɗaukar hoto.

Allah mai iko, a ƙarshen zangon sai wata ƙungiyar masu hannu da shuni ta garin ta ba shi lambar yabo: makarantar da ba ta taɓa samun matsala ba. Garkuwa ya sa bikin ranar Asabar, ranar hutun ibadar Yahudawa, aka shirya tsiran alade tire-tire, naman da addinin Yahudawa ya haramta. Ya ba da umarni a ware kujera a layin gaba, a ɗaura mata shuɗin ƙyalle. Iyaye suka cika ɗakin taro. Yaran nan masu ƙarar gas suna layi na biyu, sun sha farar riga, su ne 'yan waƙa.

Ya yi minti arba'in yana magana, ya share hawaye sau biyu. Sannan ya buɗe hannuwa.

"Ba zan karɓi wannan lamba ni kaɗai ba! Ɗalibarmu Bayahudiya, wadda ke barci da ido biyu rufe saboda inuwar wannan makaranta, ta taso ta tsaya kusa da ni, duniya ta gani!"

Aka fara tafi. Tafin ya yi tsawo, ya fara tsinkewa. Kujerar gaba ba kowa. Garkuwa ya leƙa ta saman tabarau, ya juya wajen sakatariyarsa, Madam Kessel, wadda saura wata biyu ta yi ritaya, ba ta kuma tsoron kowa.

"Ina yarinyar take?" ya tambaya, ya manta lasifika a buɗe take.

"Ta bar makarantar nan mako uku ke nan, Dokta. Jirgin ƙasa biyu take hawa kullum zuwa makarantar wani gari. Kai ka sa hannu a takardar tafiyarta."

Madam Kessel ta matso kusa da lasifikar.

"Kada ka damu, ranka ya daɗe. Yanzu sifilin naka ya zama gaskiya."