Ranar da Na Raba Admin Kamar Goron Suna

Wata damina ce mai albarka, hatsi ya yi kai a Gure, kowa fuskarsa a sake. A shekarar ne matan unguwarmu suka buɗe gurup a salula don a riƙa sanar da ranar rigakafin yara. Ni suka naɗa admin, mai shigarwa da fitarwa, tunda na yi yaƙi da jahilci. Har tafiyata ta sauya.

Sai Inna Falmata, dattijuwarmu, Allah ya jiƙanta, ta ce, "Ɗiyata, wannan sarautar da aka rubuta gefen sunanki, mu ba mu isa ba ne?"

Kunya ta kama ni, na ba ta. To in na hana maƙwabciyata Yagana, da wane ido zan kalle ta? Na bi kowa na raba, ina jin na yi adalci.

Kafin la'asar Yagana ta fitar da wadda akuyarta ta cinye mata kuɓewa. Inna kuwa, garin neman wurin aika murya, ta fitar da madam ta asibiti, wadda ita kaɗai ta san ranar allurar. Ni ma wata baiwar Allah ta sallame ni.

Washegari na goya autana, na taka har asibiti na tambayo ranar, na bi gida-gida ina faɗa da baki. Duk inda na yi sallama sai a ce, "Maraba da mai rabon sarauta! Akuyarmu fa, ba ta samu ba?"

Har yau sunana ke nan.